KUFAI DAGA SAMA: HOTUNAN JIRGI DA NEMAN TSOFAFFIN GANUWOYI A KUDANCIN KANO

Gabatarwa

Tarihin ƙasar Kano, kamar yadda aka saba karanta shi a makarantu, tarihin birni ne da sarakunansa. Littafin nan da ake kira Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya jero sarakuna tun daga Bagauda, ya faɗi wanda ya fara ginin ganuwar birni, watau Gijimasu, ya kuma ambaci waɗanda suka faɗaɗa ta daga baya, irin su Muhammadu Rumfa (1463–1499). Amma idan aka bar birni aka nufi kudu, aka ratsa Bebeji da Kiru, aka wuce Tudun Wada har zuwa duwatsun Doguwa, sai rubutaccen labari ya yi ƙaranci ƙwarai. Akan ambaci gari ne ran da aka ci shi da yaƙi, ko kuwa ran da wani sarki ya ya da zango a cikinsa. Wanda ya sari garin, da yawan jama'arsa, da dalilin tashinsa, galibi an yi shiru a kansu.

Alhali kuwa ƙasar cike take da kufai. Manomi ya san gonar da fartanya ke tono tsingaro a cikinta, makiyayi ya san inda kukoki suka yi cincirindo ba gida ko ɗaya a kusa. Abin da ido ba ya iya kamawa daga ƙasa shi ne siffar wurin baki ɗaya, domin ganuwar da ta zube shekaru ɗaruruwa da suka wuce takan koma ɗan tudu wanda mutum zai taka ya wuce bai sani ba. Daga sama kuwa sai a ga da'irarta a fili.

Makasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda ake gane irin waɗannan wurare daga hotunan da jiragen sama suka ɗauka, musamman ta hanyar bambancin da ke bayyana a jikin shuka. Sa'an nan a duba ko dabarar za ta yi aiki a kudancin Kano. Daga ƙarshe a auna tambayar da ta fi kowacce wuya, watau ko cikin waɗannan da'irori akwai waɗanda suka girmi rubutaccen tarihi.

Asalin Dabarar

A 1906 wani hafsan sojan Ingila ya ɗauki hoton tsayayyun duwatsun nan na Stonehenge daga cikin balan-balan na soja. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa ɗaukar hoto daga jirgi ta zama sana'a, domin leƙen asirin abokan gaba. Bayan yaƙin, O. G. S. Crawford, wanda yake jami'in binciken kufai a hukumar zana taswira ta Ingila, ya mai da wannan sana'a ta soja ta zama kayan aikin masu tarihi. A 1925 wani matuƙin jirgi mai suna Insall ya hangi wata da'ira a gona kusa da Stonehenge. Da alkama ta girma a shekara mai zuwa, sai ɗigo-ɗigo masu duhu suka fito a jere cikin da'irar. Da aka tona, aka tarar ramukan ginshiƙan itace ne, zobe shida, wani cikin wani, waɗanda suka haura shekara 4,000. Itacen ya ruɓe tuntuni, amma alkama ta nuna gurbinsa.

Daga nan dabarar ta bazu. Wani malamin Faransa, Antoine Poidebard, ya bi iyakar daular Rum a hamadar Siriya da jirgi, ya buga sakamakon a 1934. Jean Baradez ya yi irin wannan a Aljeriya a 1949. A Mali, Roderick da Susan McIntosh sun yi amfani da hotunan sama wajen gano tuddan tsofaffin garuruwa a kewayen Jenne-jeno, inda suka fara tono a 1977. A gabashin Botsuwana, James Denbow ya lura cewa wata ciyawa dangin ƙarangiya ta fi son tsirowa a kan tsohon tarin kashin shanu na garuruwan da suka tashi tun wajen shekara dubu da ta wuce, kuma tana fitowa fari-fari a hoto. Ya bayyana haka a 1979, ya kuma gano kufai masu yawa ta wannan hanya. Darasin Denbow yana da muhimmanci ga ƙasar Hausa, domin ya nuna cewa a Afirka ciyawar daji da itatuwa suna iya ba da shaidar da alkama ke bayarwa a Turai.

Yadda Ƙasa Ke Tona Asirin Abin da Ta Binne

Alamun da mai duba hoto ke nema iri uku ne.

Na farko alamar inuwa. Idan ganuwa ba ta gama bajewa ba, ko da saura kamu ɗaya ne, rana takan sa ta yi inuwa da sassafe ko da la'asar sakaliya. Masu safiyo sukan ɗauki hotuna a jere, kowanne ya hau kan na gabansa da wajen kashi 60 cikin ɗari. Idan aka ajiye biyu gefe da gefe aka duba da wani gilashi mai ido biyu, sai tudu ya taso, kwari ya faɗa, kamar mutum yana leƙo ƙasar da kansa.

Na biyu alamar ƙasa. Masu ginin ganuwa sukan haƙa gwalalo, watau ramin da ke bin bayanta, su tara ƙasar da suka fitar ta zama bango. Ƙasar da ta fito daga zurfi ja ce ko fara-fara, ba ta da taki. Gwalalon kuwa, bayan gari ya tashi, yakan cika a hankali da laka da ganye da toka, ya yi baƙi. Saboda haka idan aka girbe amfanin gona ƙasa ta zauna tsirara, sai a ga zobe biyu, mai haske a ciki, mai duhu a waje.

Na uku alamar shuka, ita ce kuma mafi ban mamaki, domin takan bayyana ko da ƙasa ta baje sarai. Cikakken gwalalo ya fi ƙasar da ke gefensa laushi da taki da riƙon danshi. Saiwa takan nutsa cikinsa da sauƙi, shukar da ke kansa ta fi tsawo, ta fi duhun kore, ta kuma jinkirta bushewa. Shukar da ta faɗa kan tushen bango ko jeren duwatsu kuwa sai ta tsumbure, ta yi rawaya tun sauran ba su yi ba. Wannan bambanci ba ya fitowa sai shuka ta ji ƙishirwa. A shekarar wadata kowace shuka ta ƙoshi, babu mai nuna komai. Shi ya sa farin da aka yi a Ingila da Ailan a 2018 ya fito da kufai da dama waɗanda ba a san da su ba, har da wata babbar da'ira kusa da Newgrange.

To, amma gonar Bahaushe dabam take da gonar Bature. A Turai akan shuka iri ɗaya a fili mai faɗi, a dunƙule, sai gona ta zama kamar farar takarda. A Bebeji ko Kiru kuwa gona ƙarama ce, an yi mata kunya-kunya, ga dawa ga gero ga wake ga gyaɗa a haɗe, wani ya kai taki wani bai kai ba, wani ya yi shuka da ruwan fari wani ya makara. Kowane ɗaya daga waɗannan yana sauya launin hoto fiye da yadda binnannen rami zai sauya shi. Daɗin daɗawa, lokacin da shuka ke tsaye lokacin gajimare ne, masu ɗaukar hoto kuwa sun fi fita da rani, bayan an yi girbi. Ɗan tsakanin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sa'ad da ruwa ya ɗauke, dawa ba ta gama nuna ba, hazo kuma bai sauko ba.

Saboda haka a wannan ƙasa itatuwa da ciyayi sun fi hatsi amfani ga mai bincike. Tsohon gwalalo yakan riƙe sarƙaƙiya da ƙayoyi, manomi ya gaji da sara ya bar shi ya zama iyakar gona, sai a ga kore ya zagaya cikin rani alhali ko'ina ya bushe. Shingen aguwa da iyakokin gonaki sukan lanƙwasa su bi da'irar da ba a ganinta. Hanyoyin ƙafa sukan taru a wuri ɗaya ba gaira ba dalili, a nan ne ƙofar gari take a da. Kukoki kuma sukan yi yawa a tsakiya, domin kuka abokiyar zaman mutane ce.

Dalilin da Ya Sa Kudu Ta Cika da Ganuwoyi

Kudancin Kano ƙasa ce mai albarka, kuma ƙasa ce ta bakin iyaka. Ruwan samanta ya fi na birni, yakan kai ko ya zarce milimita 1,000 a shekara wajen Tudun Wada da Doguwa. Kogin Kano ya ratsa ta. A Riruwai akwai kuza, wadda mutanen wurin suke narkarwa suna sayarwa tun kafin zuwan Turawa. Babbar hanyar fatake daga Kano zuwa Zariya, har zuwa Nufe da ƙasar Yarabawa, ta nan ta bi. Duk inda dukiya da hanya suka haɗu da iyaka, to, sai an yi ganuwa.

Tarihin Kano ya nuna cewa tun zamanin Sarki Yaji (1349–1385) ana gwabzawa a kudu da birni, a Santolo da wajen Rano. Murray Last ya yi nazarin tsofaffin matsugunan Santolo da Fangwai a 1979, ya jawo hankali ga cewa akwai manyan cibiyoyin jama'a a kudu waɗanda suka yi gogayya da Dala kafin birni ya rinjaye su. Bayan haka ga yaƙe-yaƙe da Zazzau, ga hare-haren Kwararrafa daga kudu a zamanin Muhammadu Zaki (1582–1618) da cikin ƙarni na 17. Littafin ya kuma ce Muhammadu Sharefa (1703–1731) ya sa an gina ganuwa a Gaya da Takai da Gano da Dawaki da wasu garuruwa. A ƙarshen jihadi, Sarki Alwali ya yi tsayuwarsa ta ƙarshe ne a Burumburum, cikin ƙasar Tudun Wada ta yau, a nan aka kashe shi wajen 1807.

Ƙarni na 19 bai kawo hutu ba. Daga tsakiyarsa Ningawa suka matsa wa kudancin Kano da hari, suna kama mutane suna kora dukiya, har ya zama tilas sarakunan Kano, musamman Abdullahi Maje Karofi, su ƙarfafa garuruwan ribaɗi a wannan iyaka. Ƙauyuka suka tashi suka koma cikin garuruwa masu ganuwa, waɗanda ba su da ƙarfin gina bango suka yi kafi na itace. Sunan Kafin Maiyaƙi a ƙasar Kiru yana tuna wannan zamani. Hugh Clapperton ya bi ta Bebeji a 1826, ya same shi babban gari na fatake, Heinrich Barth kuma, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa garuruwa masu ganuwa da dama na ƙasar. Ganuwar Bebeji ce ta fara tarar rundunar Kanar Morland a ranar 1 ga Fabrairu 1903. Mutanen gari suka ƙi buɗe ƙofa, aka fasa ta da igwa, sarkin garin ya rasu a wurin. Kwana biyu bayan haka birnin Kano ya faɗi.

Daga wannan shekara ganuwa ta rasa aikin yi. Aka daina gayyar gyaranta, mutane suka fita suka yi gidaje a gonakinsu, garuruwa suka matso bakin hanyar mota. Ma'anar wannan ga mai duba hoto ita ce, ƙasar tana ɗauke da ganuwoyi na zamani daban-daban, aƙalla na shekara ɗari shida, wasu a kan wasu, kuma dukansu sun zube sun yi kama da juna.

Hotunan da Ake da Su

A 1946 gwamnatin Ingila ta kafa hukumar safiyo ta ƙasashen da take mulka, jiragen sojanta kuma suka shiga ɗaukar hotunan ƙasashen, har da Nijeriya, domin zana taswira. Bayan mulkin kai aka ci gaba da irin wannan aiki saboda taswira da noma da gina madatsun ruwa. Tarin hotunan waccan hukuma yana ajiye yau a birnin Edinbara na ƙasar Sikotland. Ban da su akwai hotunan taurarin leƙen asiri na Amurka, waɗanda ake kira CORONA, da aka ɗauka tsakanin 1960 da 1972, aka kuma sake su ga jama'a a 1995. Tun daga 2005 manhajar Google Earth ta sa duk mai kwamfuta da intanet yana iya leƙa gonar kakansa daga sama.

Masana sun riga sun nuna amfanin irin waɗannan hotuna a ƙasar Hausa. Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi aiki da su wajen nazarin gonaki da matsugunan kewayen birnin Kano. H. L. B. Moody ya bi ganuwar birnin da ƙofofinta cikin shekarun 1960. J. E. G. Sutton ya yi nazarin ganuwoyin Zariya da Kufena cikin shekarun 1970. Patrick Darling, wanda ya auna ganuwoyin ƙasar Bini, ya yi binciken garuruwa masu ganuwa a Jihar Kano cikin shekarun 1980.

Sai dai hoton safiyo yana da iyaka. A hoton da ma'auninsa 1:40,000 ne, milimita ɗaya tana wakiltar mita 40 a ƙasa. Garin da faɗinsa mita 400 ne zai fito kamar santimita ɗaya, ana iya ganinsa. Gwalalo mai faɗin mita 4 kuwa kashi ɗaya ne cikin goma na milimita, bai fi silin gashi ba. Don haka tsohon hoto yakan nuna babban gari ya ɓoye ƙaramin ƙauye, alhali mafi tsufan matsugunai sau da yawa su ne ƙanana.

Duk da haka tsohon hoto yana da darajar da sabo ba shi da ita, kuma madatsar Tiga ta isa misali. An gina ta a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974, ruwanta ya rufe kimanin murabba'in kilomita 178, aka tashi dubban mutane daga gidajensu. Bakin kogi kuwa shi ne inda ɗan Adam ya fi son zama tun fil azal. Duk kufan da ke cikin wannan kwari yanzu yana ƙarƙashin ruwa, kuma hotunan da aka ɗauka kafin 1974 su kaɗai ne za su iya nuna siffarsa.

Kama da Wane Ba Ta Wane

Babban haɗarin wannan aiki shi ne ɗoki. Wanda ya fara duba hoto yakan ga da'ira ko'ina, kowacce kuma ya so ta zama tsohon birni. A kudancin Kano abubuwan da ke ruɗin ido suna da yawa.

Mashekarin Fulani yakan bar zagayayyen tabo mai duhu, inda shanu suka kwana suka zuba taki, shuka kuma takan yi kyau a kansa shekara biyu ko uku. Suri, idan ya baje, yakan bar ɗigo-ɗigo masu haske. Kogi yakan sauya hanya ya bar tsohuwar lanƙwasarsa kamar rabin zobe, tana riƙe da danshi daidai yadda gwalalo ke yi. Bakin shimfiɗar marmara yakan zagaye tudu kamar bango. Burtali yana da shinge biyu a jere kamar ganuwa da raminta. Ga kududdufin da masu aikin hanya suka ɗebi ƙasa, ga ramukan 'yan kuza na zamanin Turawa. A Riruwai ma duwatsun kansu a zobe suke, aikin aman wuta na miliyoyin shekaru, ba hannun mutum a ciki.

Mai lura yakan tambayi kansa abubuwa kaɗan. Shin da'irar ta rufe, ko kuwa ido ne ya ƙarasa ta? Faɗin layin daidai yake ko'ina? Akwai giɓi inda hanya ta shiga? Ta hau tudu ta sauka ba ta damu da gangaren ruwa ba? Domin rafi gangare yake bi, ganuwa kuwa tsaro take bi. Ta fito a hoton wata shekara dabam? Tabon mashekari yakan ɓace, gwalalo kuwa yana nan a hoton 1960 da na bana. Idan ta tsallake waɗannan, sai a rubuta ta a matsayin wurin da ake zato, har sai an je an taka da ƙafa.

Matsalar Shekaru

A ce an tabbatar da'irar aikin mutum ce. Saura a san yaushe aka yi ta, kuma a nan hoto ba shi da ta cewa sai kaɗan. Yana iya nuna cewa wannan ganuwa ta yanke waccan, saboda haka ta fi ta ƙuruciya. Yana iya nuna cewa iyakokin gonaki sun ratsa ta ba su san da ita ba, alamar ta daɗe da bajewa. Amma siffa ita kaɗai ba ta ba da shekaru, domin mai tsoron mahara a ƙarni na 9 da mai tsoron Ningawa a ƙarni na 19 rami iri ɗaya za su haƙa.

Abin da aka tsinta a ƙasa yana taimakawa. Lofe yana nuna an zauna a wurin bayan shigowar taba, watau daga wajen ƙarni na 17. Wuri ma haka, tun da Tarihin Kano ya ce a zamanin Sharefa ya shigo ƙasar Hausa. Karofi mai yawa ya fi karkata ga ƙarni na 19, lokacin bunƙasar rini. Kashin maƙera da dutsen niƙa da tsingaro mai adon da matan yau ba su san shi ba suna iya nuna tsufa, gatarin aradu kuwa ya fi su duka daɗewa, ko da yake mutane sukan tsince shi su adana, ya shiga gidan da bai kai shi shekaru ba. Hukunci na ƙarshe sai an yi tono an samo gawayi, an auna shi ta hanyar kabon 14. Ko a nan sai da hattara: gawayin da ke ƙarƙashin bango yana nuna an yi ginin bayansa ne, na gindin gwalalo kuwa mai yiwuwa shekarar yasa ta ƙarshe yake nunawa, tun da akan yashe ramin a kai a kai.

Misalai biyu sun isa su hana gaggawar yanke hukunci ta kowane ɓangare. A Kufan Kanawa, cikin ƙasar Damagaram ta Nijar, labarin baka ya ce daga nan mutanen Kano suka taso. Anne Haour ta yi tono a wurin, awon da aka yi kuma ya nuna zama ne na tsakanin ƙarni na 14 da na 17, watau lokacin da Kano ta riga ta zama birni. A Zilum kuwa, arewa da Maiduguri, babu wata ganuwa da ake gani a sarari, amma masu bincike na Jami'ar Frankfurt da Jami'ar Maiduguri, da na'urar awon maganaɗisun ƙasa, sun gano binnannen rami da ya kewaye gari mai faɗin kimanin hekta 12, na wajen shekara 600 zuwa 400 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Wurin da ake zaton ya tsufa ƙwarai ya fito da ƙuruciya, wanda ba a ganin komai a kansa ya fito da shekara 2,500.

A ƙasar Kano kanta, awon da aka yi wa ragowar matoyar ƙarfe a Dala ya kai wajen ƙarni na 7, shekaru ɗaruruwa kafin Bagauda. Kudu da Doguwa kuma, cikin Jihar Kaduna, ga ƙasar al'adar Nok, wadda ta fi haka daɗewa nesa. Saboda haka abin da hankali zai ɗauka shi ne, mafi yawan da'irorin da za a gani tsakanin Bebeji da Doguwa na ƙarnonin baya-bayan nan ne, amma akwai dalili mai ƙarfi na sa ran cewa kaɗan daga ciki, musamman ƙananan da ke gindin duwatsu da bakin rafuka, waɗanda ba mai iya faɗin sunansu, sun riga rubutu zuwa.

Kammalawa

Lokaci ba ya jiran wannan bincike. Abin da fartanya ta bari shekara ɗari, garmar shanu da tarakta suna baje shi cikin damina kaɗan. Masu gini suna ɗibar ƙasar ganuwa domin ta riga ta taru. Garuruwan da ke bakin hanyar Zariya, da wadda ta rabu a Kwanar Dangora ta nufi Tudun Wada da Falgore, suna faɗaɗa kan tsofaffin gonaki. A Riruwai ana haƙar ma'adinai. Dajin Falgore babban fili ne da aka keɓe daga noma tun zamanin Turawa, saboda haka duk kufan da ke cikinsa ya fi samun tsira, sai dai itatuwa sun rufe shi, ganinsa kuma sai da na'urar nan mai harba haske daga jirgi ta auna tudu da kwarin da ke ƙarƙashin ganye.

Doka tana nan. Dokar kayan tarihi ta 1953, da Doka ta 77 ta 1979 wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, sun tanadi kariya ga irin waɗannan wurare. Amma hukuma ba ta iya kare abin da ba a rubuta ba. A nan ne aikin ma'aikaci yake. Jami'in filaye da zai sa hannu a takardar mallaka, da injiniyan da zai nuna wa ɗan kwangila inda zai ɗebi ƙasa, da malamin gona, da malamin daji, kowannensu yana iya duba hoton wurin kafin ya yanke shawara, ya kuma sanar da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano idan ya ga alama. Ya kamata jiha ta nemo kwafin tsofaffin hotunan ƙasarta daga inda suke ajiye, musamman na kwarin Tiga, ta sa su inda ɗalibai za su iya kaiwa gare su.

Ɗalibi kuwa ba ya bukatar kuɗi mai yawa kafin ya fara. Ya ɗauki gunduma ɗaya, Gwarmai ko Yako ko Yaryasa ko Dariya, ya bi hotonta gona-gona, ya rubuta matsayin kowace da'ira da faɗinta, sa'an nan ya je ya gai da dagaci, ya nemi dattawa su raka shi. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Jirgi ya fi rimi tsawo, amma sunan kufai, da mutanen da suka tashi daga cikinsa, da garin da suka koma, a bakin dattawa ake samunsu. Wurin da dattawa suka san labarinsa, a rubuta labarin tun suna raye. Wurin da suka ce ko kakanninsu haka suka tarar da shi, a sa masa alama ta musamman a taswira, domin a nan ya kamata masu tono su fara sa magirbi.